Aladen Talata da Aladen Juma'a

Cikin ranakun aikina duka, wadda ta ƙi fita daga raina wata Juma'a ce a ƙarshen watan Afrilu na shekarar 2000, ranar da aka yanka zuciyar wani alade aka same ta da lafiyar da bai kamata ta samu ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar ba a tiyatar gwaji ranar Juma'a, kun kuma tarar sai an jefa ƙuri'a kafin a taɓa dabba. Na san wasunku suna cewa ni Malam Isiyaku ne na kafa dokar don kada in rasa sahun gaba a masallaci. To, ga yadda abin ya faru.

A lokacin ni ne babban ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen dabbobi na cibiyarmu ta binciken lafiya, ina mataki na goma sha biyu. Aikina in shirya kayan tiyata, in sa dabba barci, in tsare numfashinta da bugun zuciyarta har a gama. Gidanmu yana Agege, inda aka haife ni, don mahaifina fataucin goro ya kawo shi daga Kano ya zauna. Kullum danfo biyu, wato ƙananan bas-bas na Legas, nake hawa zuwa wurin aiki, in sauya a Oshodi. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, tallafin bincike da ya ƙafe a zamaninsu ya fara ɗigowa, har aka gyara mana janareto.

A nan ne Dakta Bisi ta zo da nata aikin. Babbar rajistara ce a fannin zuciya, wato likitar da ta gama komai sai jarrabawar ƙarshe wadda za ta mai da ita ƙwararriya mai cin gashin kanta. Ba a shiga wannan jarrabawa sai da kundin bincike, kuma nata sai ta miƙa shi kafin tsakiyar shekara. Ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, don haka tana jin Hausa, tana kuma yin ta ba kunya, ko daidai ko ba daidai ba. Abin da take son ganowa shi ne ko wani magani, in aka ba shi kafin jijiyar zuciya ta toshe, zai rage yawan naman zuciyar da ke mutuwa. In ya yi aiki a dabba, shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Farfesa, yana da niyyar neman izinin gwada shi a kan marasa lafiya.

Ga wanda ba ɗan aikin ba, ciwon nan da ake kira bugun zuciya ba wani abu ba ne illa toshewar jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini. Wurin da jini bai kai ba sai ya mutu. Ba za ka toshe wa mutum jijiya don ka gani ba, sai dai dabba, kuma a dabbobi alade ne ya fi kusa da mu. Girman zuciyarsa kusan na mutum ne, jijiyoyinta sun shimfiɗu irin namu. Kare yana da ƙananan jijiyoyi da ke kewayo da jini ta bayan gida in babbar ta toshe, amma alade da ɗan Adam ba su da su sosai.

Na yi shekaru da ɓeraye da zomaye ban taɓa jin komai ba, amma da aka ce alade sai abin ya dame ni. Na je wurin limamin unguwarmu bayan la'asar na faɗa masa. Ya ce ci ne haramun, ba neman magani ba, kuma a karatun da ya yi duk mai rai jikinsa ba najasa ba ne, sai dai jinin da ya zuba, wannan in wanke shi da kyau. Fatawa ta yi, amma ba ta hana tsiya ba. Mai shayin bakin layinmu, wani ɗan Maraɗi, ya ware mini kofi na dabam yana cewa na Sarkin Aladu ne. Maiɗakina kuwa ta ce ko malaman duniya za su taru, kayan aikina ba za su ƙetare zaure ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa Dakta Bisi. Mahaifina ya tsufa, ƙafafunsa sun yi rauni, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe shi zuwa masallacin Juma'a sai ni. Na ce mata ranar Juma'a dole in bar nan kafin rana ta take, in yi wanka, in kai Agege a kan lokaci.

Ta ce, "Ba wahala, Malam. Aiki iri biyu ne, akwai dogo akwai gajere. Za mu sa gajere ran Juma'a."

Abin da take nufi shi ne, a kowane gwaji irin wannan ana raba dabbobi rukuni biyu. Rukunin farko ana ba su magani, na biyu ba a ba su, don a samu abin kwatantawa. Maganin nan kuma a hankali ake ɗiga shi cikin jijiya, ya ɗauki kusan awa biyu kafin a fara ainihin aikin. Don haka aladen magani yana cin yini, wanda ba magani kuwa ana gamawa da hantsi. Sai ta tsara aladu biyu a mako: na magani ranar Talata, na kwatance ranar Juma'a. Farfesa ya duba ya sa hannu, kwamitin da ke kula da haƙƙin dabbobi ya duba ya sa hannu. Ni ma na gani na yi godiya, don ban ga komai a ciki ba sai mutunci.

Mai kula da aladun Baba Yohanna ne, dattijo daga kudancin Kaduna, wanda ya tashi ya ga ana kiwonsu a gidansu. Kowace Litinin shi da direba sukan ɗauki akori-kurar cibiya su je gonakin aladu da ke bayan Agege, su zaɓo guda biyu masu shekaru ɗaya da nauyi ɗaya, su biyo ta Oshodi su kawo. Ba sa barin gona sai rana ta ɗaga, don sai an auna, an yi ciniki, an ɗaure.

Ranar aiki da sassafe nakan yi wa alade allurar barci, in zura masa bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi masa numfashi da iskar da ke riƙe shi cikin barci. Dakta Bisi ta buɗe ƙirji, ta nemo babbar jijiyar da ke gaban zuciya, ta zarga mata zare ta ɗaure. Nan take za ka ga wurin ya canza launi, layin da ke kan na'urar auna bugun zuciya ya ɗaga. Bayan kamar awa ɗaya a kwance zaren, jini ya koma, a jira. Daga nan a ƙara maganin barci har rai ya fita, alade bai farka ba, bai san abin da aka yi ba. Sai a ciro zuciyar a yanka ta falle-falle kamar burodi, a tsoma a wani rini. Naman da ke da rai ya yi jawur, wanda ya mutu ya tsaya fari fat. Farin nan shi ake aunawa.

Muka fara a watan Nuwamba na 1999, muka ratsa rani duka. Tun ba a yi nisa ba abin ya fara nuna kansa. Zuciyar Talata farinta ɗan kaɗan, ta Juma'a kuwa fari ya mamaye. Mako bayan mako haka. Farfesa, wanda da sai ka aika masa sau uku kafin ya leƙo, ya koma saukowa da kansa yana ɗaga yankan zuciya a gaban fitila yana murmushi. Ya rubuta takardar neman izinin gwaji a kan mutane ya ajiye a tebur, yana jiran Dakta Bisi ta cika adadinta. Ita kuma ta fara rubuta kundi. Ni kaina na fara taƙama a wurin mai shayi cewa Sarkin Aladu zai shiga tarihi.

Saura 'yan makonni a gama sai wahalar man fetur ta taso. Motar cibiya ta shiga layin gidan mai tun Litinin, ba ta fito ba sai Laraba. Aikin Talata ya wuce ba a yi ba. Ranar Alhamis Baba Yohanna ya je gona, gosilo, wato cunkoson motoci, ya riƙe su a Oshodi da tsakar rana, suka iso da la'asar. Washegari Juma'a muka ɗauki ɗaya muka yi masa gajeren aiki kamar yadda aka saba, ba magani.

Na yi wanka, na sa kaftanina, ina ɗaura agogo ke nan sai na ji ta kira ni daga ɗakin rini.

"Malam Isiyaku, e jo, don Allah zo ka gani."

Na leƙa. Yankan zuciyar suna jere a faranti, jawur, farin bai fi na aladen Talata ba.

Na ce, "Ko zaren ne ya yi sako-sako, Likita?"

"Kai ne ka ke kan na'ura. Layi ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi."

"Wuri ya canza kala?"

"Ya canza."

"To wannan alade bai sha magani ba, amma zuciyarsa ta ce ya sha." Ta dubi agogon bango. "Je ka, babanka yana jira."

Na hau okada, wato acaɓa, har Oshodi, na kama danfo, na kai tsoho masallaci. A raina na ce dabba ce, wani yakan fi wani ƙarfi, shi ke nan. Ita ba ta ce shi ke nan ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ita irin mutanen nan ce da ba sa barci in ba su gano abin da ya tsamar da shi ba.

Ranar Litinin da safe na same ta a garken aladu, ta jingina da katanga tana yi wa Baba Yohanna tambayoyi. Ba ta taɓa zuwa garke ba kafin ranar, don aladu a kan tebur take saduwa da su, a kwance, a wanke. Ta ce ya gaya mata yadda suke in sun sauka daga mota.

Ya ce, "Madam, suna shan wahala fa. Alade ba ya gumi kamar mu. In rana ya buge shi a bayan mota, jiki ya yi ja, baki ya yi kumfa, yana haki. Sai na yi ta zuba masa ruwa. Ran nan ba ya cin abinci, sai dai ya kwanta."

"Ran Talata da safe fa?"

"Ya ɗan dawo, amma da saura."

"Na Juma'a fa?"

Baba Yohanna ya yi dariya. "Wannan ai ya huta. Yana ci yana barci kamar sabon kansila."

Ni na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juyo ta yi mini bayani a hankali, kamar tana yi wa kanta. Ta ce a karatunsu an san cewa zuciyar da ta sha wata 'yar wahala, kamar zafi mai tsanani, takan ɗaura ɗamara na kwana ɗaya ko biyu, ta fi jure abin da zai biyo baya, daga nan ɗamarar ta kwance. Duk aladen da muka ba magani, jiya-jiya ya sauko daga bayan akori-kura. Duk wanda ba mu ba, ya kwana huɗu a inuwa. Ta ce yanzu ba ta san ko magani muke aunawa ba ko zafin ranar Oshodi.

Da azahar Farfesa ya kira mu ofishinsa, ni da ita. Da Turanci suka yi maganar, amma ga ma'anarta. Ya ce alade ɗaya ne, kuma dabba ba inji ba ce. Akwai ƙa'idar da ta yarda a ware wanda ya fita dabam, a rubuta dalili. Ta ware shi, ta cike sauran, ta miƙa kundinta a kan lokaci. Ba da mugunta ya faɗa ba, na san tausayinta yake ji, don ya ga yadda ta rame a kan aikin.

Ta ce, "Sir, ba fita dabam ya yi ba. Shi kaɗai ne aladen Juma'a da aka yi wa abin da ake yi wa na Talata."

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Sannan ya tambaye ta ko ta san abin da take jawo wa kanta. Ta ce ta sani, shekara ce. Ya jawo takardar neman izinin nan da ke kan tebur, ya buɗe durowa ya tura ta ciki, ya ce ta kawo masa sabon tsari a ƙarshen mako.

Da muka fito raina ya ɓaci ƙwarai, don dai ni aka yi wa alfarmar da ta jawo wannan. Na ce mata zan nemi wanda zai riƙa kai tsoho masallaci, ko ya so ko bai so ba, a sa aiki duk ranar da ta ga dama.

Ta ce, "A'a, Malam. Ni na rubuta jadawali, ba kai ba. Babanka zai je masallaci da ɗansa. Talata da Asabar za mu yi."

Wanda ya san Legas ya san abin da Bayarabiya ta sadaukar in ta ba da Asabar ɗinta. Ranar bukukuwa ce, ranar anko da ɗaurin kai. Shekara guda ƙawayenta suna aurar da ƙannensu, ita tana cikin ƙirjin alade.

Wanda ya fi ba ni tausayi Baba Yohanna ne. Da aka gaya masa za a sake daga farko, ya tsaya da bokiti a hannu ya ce, "Wato waɗancan duka sun mutu a banza ke nan?" Dakta Bisi ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ya ci gaba da wanke garke.

Sabon tsarin shi ne wanda kuka gada. Aladu da asuba ake ɗauko su, a mota mai rumfa, kuma ba a taɓa kowanne sai ya yi mako biyu a garke yana cin abinci iri ɗaya da 'yan'uwansa. Ba likita ke zaɓen wanda za a yi wa aiki ba, ba kuma wanda ya fi sauƙin kamu ake ɗauka ba. Lambar kowane alade ana rubuta ta a murfin kwalba a zuba a hula, a girgiza, a zaro. Hulata aka fara yi da ita. Mai haɗa magani shi ke jefa tasa ƙuri'ar a ɗakinsa, ya aiko mana da kwalba wadda ba mu san ko magani ne a ciki ko ruwan gishiri ba. Kowane alade ana ɗiga masa na awa biyu, don haka babu sauran dogon aiki da gajere. Mai auna farin zuciya shi ma bai san na wane rukuni yake aunawa ba.

Muka sake ratsa damina da rani. Wannan karon ba mai murmushi a gaban fitila, don ba wanda ya san abin da yake kallo. Wata zuciyar farinta da yawa, wata kaɗan, Talata da Asabar duk ɗaya. A watan Mayu na 2001 muka cika adadi, mai haɗa magani ya zo ya faɗi wane alade ya sha me, aka raba awon gida biyu aka kwatanta.

Babu bambanci. Maganin bai rage komai ba.

Muna ɗakin mu huɗu, ni da ita da Farfesa da mai haɗa magani. Dakta Bisi ta zauna a kan kujerar da nake zama in ina tsaron na'ura, ta ce in ba ta ruwa. Ta shanye kofin, ta ajiye, ta ce, "To, haka za mu rubuta." Farfesa ya dafa kafaɗarta ya fita. Kundin da ta miƙa ke nan, mai cewa maganin ba ya aiki a alade, har da babi guda a kan yadda zafin hanya ya yaudare mu da farko. Ta ci jarrabawarta a ƙarshen wannan shekara.

Abin da na koya game da aikin shi ne, duk wani bambanci da ka bari tsakanin rukuni biyu, ko na abinci ne, ko na hutu, ko na ranar mako, zai yi magana da muryar maganin, kai kuma ka ɗauka maganin ne. Ba sai da ha'inci gwaji ke lalacewa ba, namu da kirki ya lalace. Don haka in za ku yi wa abokin aiki alfarma ku yi, amma ku fara tambaya ko alfarmar za ta taɓa dabba.

Game da mutanen aikin kuwa, akwai abin da na gani da idona a cikin shekarar nan da ta rasa. Wata rana an aike ni asibiti da saƙo, na tarar ana zagayen duba marasa lafiya a ɗakin masu ciwon zuciya. Wanda ke gaba wani abokin karatunta ne da suka fara tare, ya ci jarrabawarsa a kan lokaci ya zama oga. Dakta Bisi tana bayansa, ta rungume fayil-fayil, yana tambaya tana amsawa da "yes sir". A kan gadajen nan akwai tsofaffi, Yarabawa da Hausawa da Inyamurai, waɗanda da an bi shawarar ware alade ɗaya, su za a fara ɗiga wa maganin nan da sunan taimako. Ba ɗayansu da ya san abin da matar da ke riƙe da fayil ta biya dominsa, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.